Murjani ba shi da saiwa

Wasu masu sha'awar tankin kifin teku kan ɗauka murjani shuka ne, sai su tura gindinsa cikin yashi suna jiran ya yi saiwa. Wannan kuskure ne da ke kashe shi. Murjani dabba ne, tarin ƙananan halittu masu baki da 'yan hannaye, kuma duk inda yashi ya binne, naman wurin ruɓewa yake yi.

Yawanci dutse yake buƙata. Idan murjanin mai ƙashi ne, wato mai tauri, a tsane gindinsa da tsumma, a ɗiga masa gam ɗin Super Glue mai kauri, a danna a dutse na kusan daƙiƙa 30. Mutane na tsoron gam zai gurɓata ruwa, amma da ya taɓa ruwa yake daskarewa, ba ya cutar da kifi. A hankali murjanin zai shimfiɗa namansa a kan dutsen, ya rufe gam ɗin.

Mai laushi kuwa yana fitar da yauƙi kamar kuɓewa, gam ba ya kama shi. Shi sai a ɗaure shi a jikin dutse da roba sako-sako, kada ta yanke shi, har ya manne da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.