Yadda Kyamarar Fakin Ta Tona Min Asiri a Bamingham

Wallahi da na san inda maganar nan za ta kai ni, da tun ranar farko na miƙa wa kamfanin fakin ɗin nan fam 60 ɗinsu na ja bakina na yi shiru. Amma ina, taurin kai ya hana, nace ni ba za a cuce ni a ƙasar mutane ina ji ina gani ba.

Wata Talata ce na dawo daga aikin dare ido jawur, ina buɗe ƙofa na taka farin ambulan. Duk wanda ya zauna Ingila ya san ambulan mai 'yar taga a gaba ba ya zuwa da alheri, ba wanda zai aiko maka katin ɗaurin aure a ciki. Na farke. Hoton motata ne har guda biyu, akwalar Yaris ɗina ta 2009 wadda ko ɓarawo ya gani sai dai ya yi mata addu'a ya wuce, a ɗaya tana shiga filin fakin ɗin wani babban kanti ƙarfe 8:47 na safe, a ɗayan tana fita 6:31 na yamma. Allon wajen kuma minti 90 ya yarje wa mutum. Wato a lissafinsu na yi awa tara da minti 44 a cikin kanti. Ni! Ni da in matata Maman Ummi ta ja ni cefane minti ashirin kawai nake yi ƙafata ta fara ciwon ƙarya. Awa tara ina me, ina taya su jera madara?

Kuɗin da suke nema fam 100, amma wai saboda tsabar kirkinsu in na biya cikin kwana 14 sun yafe 40. Na yi abin da kowane ɗan Najeriya ke yi duk da an sha hana mu, na buga shi da naira. Lokacin fam ɗaya na wajen 2,000, sai ga 200,000 ta fito tana kallona. Barcin da nake ji nan take ya kama gabansa.

Abin da ya faru kuwa na gane shi tun a tsaye. Ranar Asabar ɗin sau biyu na je kantin, da safe na shiga na fito, da yamma na sake komawa. Kyamarar tasu da ke karanta lambar mota ta kama shigar safe, fitar safe ta wuce ta, wataƙila wata babbar mota ce ta tare lambar, shigar yamma ma ta wuce ta, sai ta ɗauki kan wannan ta haɗa da wutsiyar wancan ta ce ziyara ɗaya ce. Gaskiya tana hannuna ƙiri-ƙiri. Matsalar guda ɗaya ce tak, kuma ba ta shafi kamfanin ba: inda motar ta wuni tsakanin safe da yamma.

Toh bari in faɗa tunda asiri ya riga ya tonu. Ranar ce ake sunan ƙawar Maman Ummi a Lesta, kuma na san sunan Lesta, mata su cika falo da kicin, mu maza huɗu a tura mu wani lungu kusa da takalma kowa an ɗora masa jaririn da bai san na waye ba har magariba. Sai daren Juma'a na yi kalar tausayi nace an kira ni obataim, ba yadda zan yi. Baiwar Allah har da yi min sannu, ta kwashi yara biyu da kular dambu ta hau jirgin ƙasa. Ni kuwa na biya kanti na sayi kaji biyu da lemo da gyaɗa na nufi unguwar Handsworth gidan wani abokina ɗan Zariya wanda iyalinsa suka tafi gida hutu, muka yi farfesu, muka kalli wasan ƙwallon sha biyu da rabi, da ƙarfe uku ta yi muka bi lafiyar kujera, dama a Ingila ba a nuna wasannin ƙarfe uku na Asabar a talabijin, abin da yaro ke kallo a gidan kallo a Kurna mu da muke garin ba ma gani. Wayarta ce ta tashe ni wajen shida, wai in na tashi daga aiki in biya in sayo famfas. Har da ƙara gajiya a murya na amsa.

Saboda haka na ninke takardar na cusa a aljihun babbar rigata ta sallah, inda nake ganin ba mai zuwa sai watan Shawwal.

Sai na shiga neman shawara, kuma nan na gane kowa lauya ne in ba shi aka aiko wa takarda ba. Ɗan Zariya yace, "Mutumina yaga ta kawai, wannan ai ba tarar gwamnati ba ce, 'yan kasuwa ne, ni guda uku na yaga." Na kira Yaya a Kano, ya gama saurare tsaf yace, "To kai duk zamanka a garin ba ka san kowa a ofishin ba? Ka je da kanka ka gaishe su mana, ka ce kai baƙo ne." Nace Yaya wane ofishi, akwatin gidan waya ne fa kawai a jikin takardar. Abin da ya fi ci min rai kenan wallahi. A Kano in ɗan KAROTA ya tare ka aƙalla mutum ne, kana ganin idonsa yana ganin naka, za ka yi bayani, za ka ba da haƙuri, dattijon da ke wucewa ma zai tsaya ya sa baki. Nan kuwa kyamara ce ta kama ka, kwamfuta ta yanke hukunci, inji ya liƙe ambulan. Wa za ka ce wa don girman Allah?

Wanda ya warware min zaren wani tsohon Bature ne maƙwabcinmu, mai ritaya, wanda ba shi da aiki sai wanke mota da sanin dokar da ba a tambaye shi ba. Yace ɗan Zariya ya yi gaskiya rabi. Takarda iri biyu ce kuma da gangan duka ake taƙaita su da PCN, akwai ta kansil wadda tara ce ta hukuma, akwai ta kamfani wadda kawai cewa suke ka karya yarjejeniya, wai shigarka filin ka wuce allon nan tamkar ka sa hannu ne. Adireshina kuma a wajen DVLA, hukumar rajistar motoci, suka samo, fam biyu da rabi suke biya a ba su sunan mai mota. Amma zancen yagawa, inji shi, tsohon yayi ne. A 2012 aka yi dokar da ta hana su ɗaure wa mutane taya a filayen da ba na gwamnati ba a Ingila da Wales, sai dai ita dokar ta buɗe musu ƙofar bin mai motar in ba a san direba ba. Sannan ya ba ni labarin Barry Beavis, wani mai shagon soya kifi da dankali da ya ƙara minti 56 a kan awa biyun da aka ba shi a Chelmsford, aka ce ya biya fam 85 ya ce bai san zance ba, ya ja su har Kotun Ƙoli, a 2015 kotu ta ce kamfani ke da gaskiya. Nace a raina wannan ko Bakano ne sai haka, fam 85 har Kotun Ƙoli.

Ya ce in yi afil, hujjata mai ƙarfi ce, in dai zan nuna inda motar take da rana shikenan. Nace na gode, na shige gida. Kwana 14 suka wuce ina kallo, 60 ta koma 100.

Sai ga takarda ta biyu, wannan karon har da jan rubutu. In ban biya ba za su miƙa ni ga masu karɓar bashi, a ƙara fam 70 ya zama 170, daga nan kotu, in kotu ta yanke kuma ban biya cikin wata guda ba sunana ya zauna a rajistar masu taurin bashi shekara shida. Jama'a mutumin da ke zaune da biza, wanda ko tsallaka titi zai yi sai ya duba sau uku don kar a rubuta wani abu a fayil ɗinsa, ka ce masa kotu? Daga baya na san cewa masu karɓar bashin nan ba su da ikon taɓa ko cokalinka sai an je kotu an gama, wasiƙa ce kawai da kurari, amma a lokacin ko ɗan kawo saƙo ya ƙwanƙwasa sai cikina ya ɗuri ruwa, ina leƙe ta labule ina lissafin me za su fara ɗauka, talabijin ko firij. Ita ma na kai ta aljihun babbar riga ta samu 'yar uwarta.

Abin da ban lissafa ba, an sa ɗaurin aure a masallacinmu ranar Lahadi, kuma Maman Ummi mace ce mai son ta ga mijinta ya fita kunya. Na shigo na tarar da rigar a kan teburin guga, takardu biyu a shimfiɗe a gefe an ma goge musu ninkin.

"Abban Ummi, wannan fa?"

Na fara kame-kame. Ga mamakina ba ta yi faɗa ba sam, ranta ne ya ɓaci da kamfanin. "Wane irin zalunci ne wannan, mutum yana wajen aiki yana neman halak ɗinsa a ce yana kanti? Wallahi ba za mu biya ko sisi ba. Saura kwana nawa?" Saura uku cikin 28 ɗin da suke bayarwa na afil. Ta jawo kwamfuta, dama ita ce mai turancin rubutu a gidan, tace abu mai sauƙi ne, gobe in karɓo takarda daga manajan wajen aikinmu cewa ina can ranar.

Nace ai manajan ya tafi hutu. Tace mataimakinsa. Nace ba sa shiri da ni. Ta ɗan dube ni tace to mu fara da banki. Muka buɗe, ga ciniki biyu, na safe da na yamma, na ji daɗi nace kin gani ma ya isa. Ta tura musu. Kwana tara suka dawo da amsar da ko karanta namu ba su yi ba, wai sun duba da kyau, ciniki biyu bai nuna motar ta bar filin ba, amma ga lamba mai alƙaluma goma in muna so mu kai ƙara POPLA, masu sauraron afil da ba na kamfanin ba, kyauta ne, muna da kwana 28, in mun faɗi kuma 100 ɗin nan cif.

Daren nan ta tafi mota neman rasit, ta samo shi a ƙarƙashin kujera ya yi laushi. Ta dawo tana karantawa a hankali kamar mai koyon baƙi. "Kaza biyu. Lemo babba uku. Gyaɗa. Abban Ummi wane irin obataim ne ake tafiya da ɗanyar kaza?" Nace ta abokan aiki ce, muna ɗan haɗa kuɗi. Tace Allah sarki, to kawo wayarka, ai taswirar Google na ajiye duk inda mutum ya je, ita ce za ta gama mana da su.

Na taɓa jin ana cewa gaba kura baya sayaki, ranar na ga kurar da idona, tana sanye da hijabin sallah ta miƙo hannu. In hana waya na amsa laifi, in bayar na amsa laifi da hujja. Na bayar. Ga shi nan shuɗin layi ya fito tar, ya bar kanti 9:02, ya sauka Handsworth 9:19, bai ƙara motsi ba sai 5:58. Wajen aikina kuwa yana can wani ɓangaren gari, layin ko kallonsa bai yi ba.

Shirun da ta yi ya fi jan rubutun nan ban tsoro. Can tace, "Hujja ta yi kyau." Ta ɗauki hotonsa. Ta sa ni na kira ɗan Zariya a gabanta, a sifika, ya turo bidiyon kyamarar ƙofarsa, ga ni nan ina fitowa daga mota da leda a kowane hannu ina dariya har da 'yar rawa, ga Yaris a bayana lambarta ta fito fes yadda tasu kyamarar ta kasa ɗauka. Shi kuma sakaran bai san tana ji ba yake cewa a gaya wa Turawan farfesun ma akwai hotonsa in suna so.

Ta rubuta afil shafi biyu, ban taɓa ganin turanci mai kyau da aka rubuta da fushi irin wannan ba, kowane sakin layi kamfanin take yi wa amma ni yake dukan. Ba a yi wata guda ba imel ya shigo, kamfanin ya ce ba zai ja ba, an soke. Na yi tsalle nace Maman Ummi mun ci su!

Tace alhamdulillahi, ta miƙo min farin ambulan, har ta yanka masa 'yar taga da almakashi. A ciki hotona ne guda biyu daga bidiyon ɗan Zariya, na shiga da na fita, a ƙasa kuma lissafi: tikitin jirgi zuwa Lesta da dawowa, tasi, ɗaukar yara biyu da kula, sannun da ta yi min daren Juma'a wadda tace a dawo mata da abarta, da ladan rubutu. Jimla fam 170. In na biya cikin kwana 14, 100.

Nace ina da damar afil? Tace sosai ma, wajen Hajiya. Na ji sanyi, uwa ai ba ta ƙin ɗanta, na kira Kano na tsara bayani tun daga kyamara har Barry Beavis. Hajiya ta saurara har ƙarshe, tace in ba ta Maman Ummi. Suka yi minti arba'in ina jiyo dariya daga kicin. Da aka dawo min da wayar Hajiya tace ta duba da kyau, 170 ɗin na nan, kuma in ƙara 30 na jikokinta da aka wahalar a jirgi, sannan kaji biyun nan a sayo irinsu a kai gidan mai jego a Lesta, ni da kaina, ranar Asabar.