Su wa ke tafiya karatun zaman lafiya da sunanmu?

Makon jiya bayan sallar la'asar wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida nan Tudun Wada, riƙe da fayil ɗin takardu, yana so in rubuta masa wasiƙar shaida domin neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, a fannin nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Giwa. Da muka buɗe fom ɗin a wayarsa, sai muka iso inda ake tambayar shekarun da mai nema ya yi yana aiki a wannan fanni, da sunan ƙungiyar da ya yi wa aikin, da adireshin imel na shugabansa. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce: "Allah gafarta Malam, me zan rubuta a nan? Ni ban taɓa aiki da wata ƙungiya ba."

Alhali ni na san damina shida ke nan duk lokacin da shanu suka faɗa gonar wani a yankinsu, shi ne ke zama tsakanin kawunsa, wanda shi ne ardo, da dagacin garin. Shi ke juya magana daga Fulatanci zuwa Hausa ya kuma mayar, yana tace kalmar da ya san za ta hura wuta ba tare da ya ɓoye gaskiya ba. Shi ke bin gonar da ƙafa tare da wakilin mai gona suna ƙirga kunya nawa aka taka, a ƙiyasta dami nawa na dawa aka yi asara, a tsayar da abin da makiyayi zai biya, ya rubuta a littafinsa na makaranta, kowa ya dangwala yatsa. Duk wannan bai ɗauke shi aiki ba, domin babu albashi kuma babu takarda mai tambari. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Shi fannin ba daɗaɗɗe ba ne a jami'o'i. A 1959 wani masani mai suna Johan Galtung ya kafa cibiyar binciken zaman lafiya a birnin Oslo na ƙasar Nowe. Jami'ar Uppsala ta Suwidin ta buɗe sashenta a 1971, Jami'ar Bradford ta Ingila ta biyo baya a 1973, sannan a 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Jami'ar Zaman Lafiya a Kosta Rika. Tun 2002 ƙungiyar agaji ta Rotary take ɗaukar nauyin ɗalibai daga ƙasashe daban-daban zuwa irin waɗannan cibiyoyi, kuma yanzu har da Jami'ar Makerere ta Yuganda a cikinsu. Abin da duk waɗannan wurare ke alfahari da shi shi ne ajinsu ya tara duniya: ga lauya, ga ɗan jarida, ga soja ko ɗan sanda da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya, ga limamin coci, ga ma'aikacin agaji, kowa daga ƙasarsa. Kuma lalle abin alfahari ne.

Sai dai wata ɗalibata da ta yi irin wannan karatu a Ingila ta dawo ta faɗa mini wata magana da har yau take min yawo a rai. Ta ce ajinsu akwai mutumin Kolombiya, da na Siri Lanka, da na Afganistan, da 'yan Afirka da dama, amma ba a yi wata guda ba ta gane cewa fasfo ne kawai ya bambanta. Kusan dukkansu a babban birnin ƙasarsu suka tashi, makarantun kuɗi suka yi, Turanci a bakinsu yake tun suna yara, kuma kowa ya yi shekaru a ofishin wata ƙungiya mai samun tallafi daga waje, har salon maganarsu da kalmomin da suke zaɓa sun zama iri ɗaya. Ita kanta, in ji ta, ranar da aka zo batun rikicin manoma da makiyaya malamin ya juyo ya ce ta bayyana wa aji yadda abin yake a Najeriya, sai ta ji nauyi ya danne ta, domin a Abuja ta girma, ba ta taɓa shiga ruga ba, ba ta kuma taɓa tsayawa a bakin gonar da aka yi wa ɓarna ba. Ta faɗi abin da ta karanta a rahotanni, 'yan aji suka rubuta a matsayin shaidar ganau.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai kowa da rabonsa. Abin da ke ciki shi ne, a wannan mataki na karatu rabin ilimin daga bakin 'yan aji yake fitowa. Abin da ɗalibi ɗaya daga arewacin Najeriya ya faɗa a zauren tattaunawa shi ne abin da sauran za su tafi da shi game da mu, kuma waɗannan sauran su ne gobe za su zama jami'an hukumomin duniya, masu rubuta rahoto, masu yanke shawarar inda kuɗin tallafi zai nufa. Idan wanda ya tsaya mana bai san burtali ba, to rikicin zai fito a takarda a matsayin faɗan addini ko na ƙabila, ko kuma a ɗora komai a kan sauyin yanayi. Ba za a ji labarin burtalin da aka nome har ya zama ba hanyar wucewa ba, ko fadamar da shanu suka saba sha da rani yanzu an kewaye ta da albasa da tumatir, ko makiyayin da aka ci tararsa fiye da ƙima ya sayar da saniya ya riƙe abin a zuci, ko manomin da ya kai ƙara aka sallami mai laifi kafin shi ya iso gida. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ƙirare, kuma sai wanda ya zauna a inuwar da ake sulhu yake sanin su.

Galtung ne ya raba zaman lafiya gida biyu: wanda bai wuce shirun bindiga ba, da wanda aka gina kan adalci. Shi ne kuma a 1969 ya yi bayanin cutarwar da ke cikin tsari, wadda ba wanda ya ɗaga hannu ya doki kowa, amma an shirya abubuwa ta yadda wasu ba za su taɓa kaiwa ga abin da suka cancanta ba. Ina ganin ya kamata fannin ya auna ƙofar shigarsa da wannan ma'auni nasa. Jarrabawar Turanci da sai an je Abuja ko wani babban birni an biya kuɗin da ya ninka albashin malamin firamare, kuɗin fasfo, intanet mai ƙarfi na cike fom da ganawa ta bidiyo, shekara biyu ko uku na aikin da za a iya tabbatarwa ta imel, da salon rubuta tarihin kai wanda sai wanda ya taɓa gani yake iyawa. Ba wanda ya shirya waɗannan da mugun nufi, amma idan aka jera su sun zama rariya, kuma an san wanda take tacewa.

Abin lura shi ne, mutanen da fannin ke koyar da aikinsu a aji yawancinsu ba ta wannan ƙofa suka fara ba. Dekha Ibrahim Abdi malamar makaranta ce a Wajir da ke arewa maso gabashin Kenya lokacin da ita da wasu mata suka fara sasanta ƙabilun da ke faɗa, daga kasuwa abin ya taso. Leymah Gbowee ta haɗa matan Laberiya Musulmi da Kirista sun matsa wa masu yaƙi lamba a 2003, sai a 2007 ta samu digirinta na biyu a Amurka, lambar Nobel kuma a 2011. A nan jiharmu ta Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, Fasto ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya har shugabannin addinai suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. Mu da muka ga rikicin 1987 da idonmu a Zariya, muka ga na 2000 da na 2011, mun san irin waɗannan mutane ba su ƙare ba, suna nan a unguwanni ba a san sunansu ba.

Ba ina raina ma'aikatan ƙungiyoyi ba ne, da yawansu sun shiga wuraren da ni ba zan iya shiga ba. Ba kuma cewa nake sulhun gargajiya ba shi da aibi ba. Na sha ganin zaman da aka tashi ba a ji ta bakin mace ko saurayi ba, na kuma ga inda aka ce wa mai rauni ya yi haƙuri saboda kawai ɗayan yana da daraja a gari. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa nake so irin wannan yaro ya je, ya ji yadda aka yi sulhu a Ruwanda da Afirka ta Kudu, ya koyi yadda ake bincike, ya dawo yana iya ganin gurguwar ƙafar abin da ya gada.

Kuma ba duka laifin ke waje ba. Jami'ar Ibadan ta fara digiri na biyu a wannan fanni tun 2000, a shekarar da aka kafa cibiyar zaman lafiya da sasanta rikici ta tarayya a Abuja, jihar Kaduna kuma ta kafa hukumarta ta zaman lafiya a 2017. Wurare suna nan, amma mu malamai idan sanarwar tallafi ta fito, wa muke turawa? Yaron da ya fi iya Turanci a aji, wanda muka san zai ci. Masarautunmu kuma, waɗanda hakimai da dagatai da masu unguwanninsu ke kashe wutar da ba ta taɓa kaiwa gaban alƙali ba, ba su saba ba wa matasan da ke taya su aiki ko da 'yar takardar shaida ba. Da magatakardan hakimi zai riƙa rubuta cewa wane ya yi shekara kaza yana cikin kwamitin ɓarnar gona, a buga hatimi, da rabin matsalar ɗalibina ta kau.

Abin da muka yi ke nan a ƙarshe. Na ce ya koma gida ya ɗauko littattafansa, ya zo da guda uku, bangon ɗaya ruwa ya taɓa shi, kowane shafi da kwanan wata da sunan gona da yawan damin da aka tsayar da tawadar yatsu a ƙasa. Muka ɗauki hotonsu, muka je wajen magatakarda ya rubuta wasiƙa, hakimi ya sa hannu, ni kuma na rubuta tawa na bayyana wa masu tantancewa abin da ake nufi da ardo da burtali. Jiya ya kira ni ya ce ya gaya wa kawunsa, tsohon ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya ce masa: "To ɗana, in Allah ya sa sun ɗauke ka, sai ka zaunar da ƙaninka ka koya masa rubutun nan kafin kaka ta yi."