Injiniya da shebur

Jiya wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa ya kira ni, wai an yi masa tayin aikin tsabtace filayen da guba ta lalata, amma abin na yi masa nauyi. "Yaya, shekara biyar ina karatun injiniya, in ƙare da kwasar ƙasa?" Na ce maza ya karɓa.

Ku tuna Zamfara a 2010. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, har aka rasa sama da 400. Duwatsun zinaren yankin cike suke da gubar dalma. Ana kawo su gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida, daidai inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Magani akwai, amma mene ne amfaninsa in yaro zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi? Dole sai an gyara gida tukuna. Wato likita ne ya tsaya jiran injiniya.

Aikin kuma ba wani siddabaru ba ne. A auna ƙasa da na'urar XRF mai nuna yawan dalmar da ke cikinta, a kankare kusan santimita 5 na sama, a kai rami a binne, a zubo sabuwa, a sake aunawa. Fartanya, shebur, baro. Abin da ke ci mini rai shi ne sai da kamfanin TerraGraphics ya taso daga Amurka ya jagoranci wannan, alhali namu na can suna layin neman aiki a kamfanin mai. Bagega, wani ƙauyen Anka da abin ya shafa, ta yi ta jiran kuɗin gyara daga gwamnati har 2013. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira, jihar Neja.

Lissafin ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce zama gaban dagaci da liman, da shawo kan maigida ya bari a tone masa tsakar gida, ga matan kulle a ciki. Wanda ya tashi a nan, ya iya sallama da gaisuwa, ya fi baƙo nesa ba kusa ba. Mata injiniyoyi kuwa, ku za ku shiga har ƙuryar ɗakin da namiji zai tsaya a zaure.

Ban ɓoye masa ba: albashin bai kai na mai ba, yawancin ayyukan kwangila ce mai ƙarewa, hanyar Anka ma yanzu sai addu'a. Amma aikin ba ya yankewa. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da malalar mai ta ɓata zai ci shekara 25 zuwa 30, ga ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano.

Na ce ya fara da koyon ɗibar samfur da rubuta inda ya ɗebo kowanne, kada ya yarda ya sa hannu a sakamakon da bai auna da kansa ba. Ya yi shiru, can ya ce, to nawa ake sayar da takalmin aiki a Sabon Gari?