Ranar da sharata ta dawo gida

A majalisarmu ta Ƙofar Marusa, in dai zancen ƙazanta ya taso, ni ne liman. Shayina har hucewa yake yi. In ce mutum ya sha fiya wata ya wurgo leda ta cikin Keke Napep ko waiwaye babu. In ce ina ma a dawo da duba-gari irin na zamanin En'e, masu shiga gida su leƙa randa, in sun ga tsutsa a ci ka tara. In rufe da gwamnati, don ita ba a barin ta a baya.

Ni kuwa tawa sharar, wani almajiri ke zuwa ɗauka duk bayan kwana biyu. Naira 100 da ragowar tuwo, ya saɓa buhu ya fita. Shekara biyu ban taɓa tambayar inda yake kai ta ba. Tunda ta bar zaurena, ni dai na yi tsafta.

Sai wani dare cikin Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin bakin layinmu ya toshe, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin gidaje. Na farka na tarar da butar alwalata tana zagaya tsakar gida ita kaɗai.

Da safe mai unguwa ya kira gayya. Kowa ya fito, wani da shebur, wani da manjagara, wani da baro. Ni baki na fito da shi. Na hau dakali ina nuna tulin ledar da ake zaƙulowa, wadda ko shekara nawa ta yi a laka ba ta ruɓewa, ina cewa, "Jama'a, wane marar tsoron Allah ne ke mana haka? Wallahi a gano shi!"

Aka gano shi.

Wani yaro ya jawo buhun taki mai ɗaurin igiya shuɗiya. Gabana ya faɗi, don na san igiyar, ta shanyar uwargida ce. Buhu ya fashe, sai ga jan takalmina sau ciki, wanda watanni uku da suka wuce na tada jijiyar wuya cewa an sace mani a masallaci, har liman ya yi nasiha a kai bayan Magariba. Ashe uwargida ce ta ga ya buɗe baki ta sa shi a shara.

Mai unguwa ya ɗaga shi da tsinin sanda. "Malam, wannan ba naka ba ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kama ce."

Ban rufe baki ba littafin lissafin ɗana ya biyo baya. Bangonsa mai leda ne, sunan yaro da nawa raɗau, har da ajinsu. Liman na tsaye bai ce uffan ba, takalmin kawai yake kallo. Buhu bakwai aka ciro masu shuɗiyar igiya, yara na ƙirgawa da ƙarfi. Mai unguwa ya miƙo mani shebur, na naɗe wando na shiga kwata har gwiwa, sai Azahar na fito.

Washegari almajirin ya yi sallama. Na tare shi a zaure ina huci: "Kai, a kwalbati kake zuba mani shara?"

Ya dube ni da mamaki. "Baba, ai ba ka taɓa cewa bola ba. Cewa kake in fita da ita."

Daga cikin gida na jiyo uwargida tana tambaya ko a wanke takalmin.