Ƙaramar nas ma tana da baki a imajansi

Duk lokacin da aka yi babban hatsari sai Facebook ya cika da yabon ma'aikatan jinya, ana ce mana jarumai. Mun gode. Daren da tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai ƙuna ko da guda ɗaya ya san abin da 'yan uwanmu suka gani a daren. Sai dai ni da nake aikin imajansi, wato sashen gaggawa na asibiti, abin da na ga yana ceton rai ya fi kama da tsari da iya magana da juna fiye da jarumta.

Idan zuciyar mutum ta tsaya, minti huɗu zuwa shida ne ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Mai danna ƙirji za ta danna sau 100 zuwa 120 a minti guda, bayan minti biyu kuwa hannunta ya gaji ko ta yarda ko ba ta yarda ba, dole wata ta karɓe ta. Wata na neman jijiya, wata na kan ba shi iskar numfashi, wata na rubuta lokacin da aka yi kowace allura. Idan likita ya ambaci magani, mai ɗaukowa ta maimaita sunansa da adadinsa da ƙarfi kowa ya ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga inda gizo ke saƙar. An raine mu a kan ba a musa wa babba, tarbiyya ce mai kyau a gida. A bakin gadon mara lafiya kuwa tana iya kisa. Yarinya sabuwar ɗauka za ta lura an zuƙi allurar da ba ita ba, ta haɗiye maganarta, saboda da safe wajen miƙa aiki Sista ta tsinka ta a gaban ɗalibai da masu jinya. Manyanmu, da girmanku, wanda kuka dizga da safe ba zai buɗe baki ya ce “Sista, a sake dubawa” da tsakar dare ba. Likitoci, har da ku.

Kuma mu nawa muka rage? A 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce nas sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. A ƙarshen Yulin 2025 ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi, ƙarancin ma'aikata da alawus na cikin koke-koken. Waɗanda suka zauna su ke haɗa aikin mutum uku. Mara lafiya ya cika a hannunki, ki wanke hannu ki wuce gado na gaba, babu mai tambayarki ya jikinki. Albashi ba a hannun shugabar ɗaki yake ba, amma raba aikin dare da adalci, da zaman minti goma bayan an rasa rai a ji ta bakin kowa ba tare da neman mai laifi ba, wannan ai ba sai an jira Abuja ba.

'Yan uwan mara lafiya kuma, don Allah mutum ɗaya ya tsaya ya faɗa mana abin da ya faru da magungunan da yake sha, sauran ku jira a waje. Ihun “ku yi wani abu mana” yana hana mu jin junanmu.