Tazara ɗaya bayan waƙafi

Wai don Allah, tazara ɗaya tak bayan waƙafi ce za ta hana mutum tashi aiki a wannan zafin na Sakkwato? A NiFi, manhajar sarrafa zirga-zirgar bayanai, sunan mai izinin farko (admin) dole ya dace da na cikin satifiket ɗin tsaro da ke tantance shi, harafi da harafi: "CN=admin, OU=NIFI" daban, "CN=admin,OU=NIFI" daban. Ka gyara sunan a fayil ɗin authorizers.xml, ka sake tayar da saba (server), shiru kake ji, ba izini. Sai ka goge fayilolin users.xml da authorizations.xml tukuna, don muddin suna nan NiFi ba ya sake duba sunan.

Ga oga yana ta kira: "Malam, bayanan sun fara tafiya?" Ina fa, ranka ya daɗe!

Satifiket ɗin da NiFi yake ƙirƙira da kansa kuwa, kwana 60 kacal ya mutu.