Kuskuren quota sau ɗaya ake rubuta shi

Wata saba ta tsaya cak saboda /var (inda ake ajiye log) ya cika, amma don Allah a daina ɗora wa faifai laifi. Laifin na wanda ya sa a zuba layi a log duk lokacin da write() ya dawo da EDQUOT ne, wato kuskuren da ke cewa mai amfani ya wuce quota ɗinsa, iyakar filin da aka ware masa a faifai. Mutum ɗaya ya kai hard limit ɗinsa (iyakar da ba a iya wucewa), manhajarsa ba ta san haƙuri ba, tana ta sake gwadawa, kowane gwaji da layinsa. Quota da aka kafa don kare faifai, ita aka mayar hanyar cika shi. Abin yana ba ni haushi matuƙa.

Kamata ya yi a rubuta log idan hali ya canja kawai: mai amfani ya haura soft limit (iyakar da ake yarda a wuce na ɗan lokaci), wa'adin kwana 7 da ake ba shi bayan haka ya ƙare, ya kai hard limit, ko ya dawo ƙasa. Shi ke nan. Kernel ɗin Linux ma haka yake yi. Idan ya yi gargaɗin hard limit sai ya kunna alamar DQ_BLKS_B a kan dquot ɗin mai shi (bayanan quota ɗinsa a kernel), ba ya ƙara magana sai an rage kaya. Gargaɗin ya bi ta netlink (hanyar saƙo daga kernel zuwa manhajoji), manhajar quota_nld ta karɓa. Sau ɗaya!

Za a ce ai akwai rate limit, wato iyakance yawan saƙo a cikin lokaci. Ku yi lissafi mana. printk_ratelimited na kernel yana barin saƙo 10 a daƙiƙa 5, wato layi 172,800 a yini, duk magana ɗaya. Kuma wurin kiran yake ƙirgawa, bai san UID (lambar mai amfani) ba, don haka mai surutu ya cinye rabon kowa, kuskuren mutum na biyu ya ɓace. Shi ma journald (mai tattara log na systemd) da RateLimitBurst ɗinsa sabis yake dubawa, idan ya fara zubarwa har da saƙon da kake nema zai tafi.

Ka haɗa UID da sunan faifai da nau'in quota su zama makulli ɗaya. Na farko ka rubuta shi cikakke, sauran ka ƙirga su a RAM, duk minti 10 ka fitar da layi guda mai jimilla. /var/log kuma ya samu partition nasa.

Af, masu duba df -h (umarnin da ke nuna sauran fili a faifai) su ce ai akwai fili: quota tana ƙirga inode ma, wato yawan fayiloli. Ƙananan fayil dubbai sun isa su jawo EDQUOT alhali rabin faifan babu komai. A duba repquota -a, mai nuna quota ɗin kowa, tukuna.